Tankaɗe da Rairaya a Allon Waya: Tsara Taswirar Tudu da Kwari Mai Matakai da Yawa

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda ake tsara taswirar tudu da kwari ta intanet, wadda mai kallo ke zuƙowa da nesantawa yadda ya ga dama. Ta bi sawun aikin hukumomin awon ƙasa na Amurka da Suwizalan da Holan, kuma matsayinta shi ne cewa yanayin ƙasar da ake zanawa ne ya kamata ya yanke abin da zai tsira a kowane mataki, ba wata ƙa'ida guda da za a shimfiɗa wa duniya baki ɗaya ba.

Daga falle ɗaya zuwa tsani

Duk wanda ya rubuta jarrabawar labarin ƙasa a sakandare ya san fallen nan da ake raba wa ɗalibai: layuka masu ruwan ƙasa suna zagaye juna kamar an yanka albasa, ga shuɗin rafi yana ratsawa, ga ma'auni can ƙasa, 1:50,000. Ɗalibi zai ɗauko zare ya bi lanƙwasar hanya da shi, ya miƙe shi a kan rula, ya ninka. Santimita 2 a takarda, kilomita 1 a ƙasa. Wanda ya zana fallen ya san girman takardarsa, ya san ma'auninsa, saboda haka sau ɗaya ya zauna ya yanke wane ƙauye zai shiga, wane rafi za a bari, wane suna za a rubuta da manyan baƙaƙe. Da ya gama, ya gama ke nan.

Yau yaro riƙe da waya zai buɗe yatsu biyu a kan gilashi, cikin daƙiƙa uku ya sauko daga nahiyar Afirka zuwa ƙofar gidansu. A ganinsa hoto ɗaya ne yake girma. A gaskiya taswirori kusan ashirin ya ratsa, kowacce da nata hukuncin, an jera su kamar matakan tsani.

Tsanin nan, a siffar da kowa ya saba da ita, Google Maps ne ya yaɗa shi tun daga fitowarsa a watan Fabrairun 2005. A mataki na 0 duniya duka tana cikin tayil ɗaya mai ɗigo 256 a tsaye, 256 a kwance, kowane ɗigo yana wakiltar kusan kilomita 156 a tsakiyar duniya. Da an ƙara mataki ɗaya, kowane tayil sai ya rabu huɗu. A mataki na 10 tayil sun haura miliyan ɗaya, ɗigo ya koma mita 153. A na 15 bai cika mita 5 ba. A na 18 tayil sun haura biliyan 68. Shimfiɗar da aka ɗora wannan lissafi a kanta jikar ta Gerardus Mercator ce ta 1569, wadda aka yi wa matuƙan jirgin ruwa, kuma ta taho da halinta: tana kumbura ƙasa gwargwadon nisanta daga tsakiyar duniya, har Girinlan ke kafaɗa da kafaɗa da Afirka, alhali Afirka ta ninka ta sau 14. Ga mai tsara taswirar tudu da kwari wannan ba abin dariya ba ne kawai. Mataki ɗaya ba ma'auni ɗaya ba ne. A Kano, da ke wajen digiri 12, ɗigo na kusa da cikakken girmansa. A Oslo, wajen digiri 60, rabinsa ne. Dokar da ta ce a fara nuna gidaje a mataki na 15 tana nufin abu biyu daban a biranen biyu.

Hukumomin awon ƙasa kuwa da ƙaramin tsani suka saba. Ta Amurka, USGS, ta shafe shekaru da dama tana zana fallayenta na 1:24,000, sama da 55,000, kafin ta kammala a farkon shekarun 1990. Sama da su akwai 1:100,000, sannan 1:250,000. Hawa uku, da manyan giɓi a tsakani. Da aka fara ɗora irin waɗannan fallaye a intanet, dabara mafi sauƙi ita ce a ɗauki hotonsu a riƙa sauya wannan da wancan yayin zuƙowa. Duk wanda ya gwada ya san abin da ya fito: rubutu ya ƙanƙance har ya gagara karantuwa, sai kwatsam launi ya canza, hanyoyi suka yi kauri, garin da ake kallo ya yi tsalle gefe.

Rariya da ramukanta

Abin da masu taswira ke yi idan ma'auni ya ƙanƙance, tankaɗe da rairaya ne. Dalilinsa lissafi ne mai sauƙi. Layin da ido zai gani sosai yana buƙatar kauri kamar rabin milimita. A 1:50,000 wannan mita 25 ne a ƙasa, ya ɗan fi titi faɗi amma da sauƙi. A 1:1,000,000 mita 500 ne. To idan titin mota da layin dogo suna tafe tare, mita 100 a tsakaninsu, dole su hau kan juna, sai mai zane ya ture ɗaya gefe da gangan. Ƙarya ce, amma ƙaryar da ke sa a gane gaskiya: akwai titi, akwai dogo, kuma wannan yana gabas da wancan.

A 1966 Friedrich Töpfer da Wolfgang Pillewizer suka fito da ƙa'idar da ke ƙiyasta yawan abin da ke tsira. A sigarta mafi sauƙi, idan ma'auni ya ragu sau huɗu, misali daga 1:50,000 zuwa 1:200,000, rabin abubuwa ne ke saura, duk da cewa filin takarda ya koma kashi ɗaya cikin 16. Ƙa'idar tana faɗin nawa. Ba ta faɗin wanne. Nan ne rigimar take.

Lanƙwasar layi ma an nema mata lissafi. David Douglas da Thomas Peucker sun wallafa tasu dabarar a 1973: a ja miƙaƙƙen layi tsakanin farko da ƙarshe, a riƙe ɗigon da ya fi kaucewa, a maimaita, a zubar da saura. Tana da sauri, kuma har gobe tana cikin kusan kowace manhajar taswira. Sai dai ba ta san kogi ba, ba ta san hanya ba. Takan mayar da kogi mai lanƙwasa ya zama haƙoran zarto, wani lokaci ma ta yanke gwiwar kogin ta bar ƙauye a tsallaken da ba nasa ba. Dabarar Visvalingam da Whyatt ta 1993, wadda ke cire ɗigon da ya fi ƙarancin fili tsakaninsa da maƙwabtansa biyu, ta fi tausasa siffa, amma ita ma makauniya ce game da abin da ke gefen layin.

Wadda ta ɗauki matsalar a matsayin matsalar tsari, ba ta lissafi kaɗai ba, ita ce Cynthia Brewer ta Jami'ar Jihar Pennsylvania, tare da Barbara Buttenfield ta Jami'ar Colorado. A 2007 suka gabatar da wani jadawali da suka kira ScaleMaster. A kwance an jera ma'aunai daga babba zuwa ƙarami, a tsaye an jera rukunan abubuwa, ruwa da hanyoyi da iyakoki da sunaye, sannan a kan kowane layi a sa alama a daidai inda za a yi canji, da irin canjin. Darasin da ya fito daga ciki mai rage wahala ne: tun kafin a taɓa siffar layi, sauya kaurinsa da launinsa, da cire ƙananan rukunai, da rage sunaye, kan ja bayanai iri ɗaya su yi aiki a matakai da dama. Gyaran siffa, mai cin lokaci da kuɗi, sai a ajiye shi ga wurare kaɗan a tsanin. Amfani na biyu, wanda ba a cika yabawa ba, shi ne jadawalin yana tona asirin matakin da aka tara wa canje-canje da yawa a lokaci guda, wato daidai inda mai kallo zai rikice.

Holan ta nuna iya inda inji zai kai. A 2013 hukumarta, Kadaster, ta fara fitar da taswirar 1:50,000 kai tsaye daga bayanan 1:10,000 ba tare da hannun mai zane ya shiga ba. Abin ya yiwu ne saboda sun haƙura da kwaikwayon tsohuwar taswirar hannu ɗigo da ɗigo, suka sake rubuta sharuɗɗan bisa abin da masu amfani da ita ke buƙata. Amma a tuna, tudun da ya fi tsayi a ɓangaren ƙasar na Turai mita 322 ne kacal. Duwatsu ba ciwon kansu ba ne.

Inuwa da layin tsayi

Duwatsu ciwon kan Suwizalan ne. Taswirar hukumar swisstopo ta 1:25,000 tana tafiya da tazarar mita 10 tsakanin layukan tsayi a yankunan da ba su da tsaunuka sosai, mita 20 a tsaunukan Alps, kuma launin layin na sauyawa da abin da yake takawa: ruwan ƙasa a kan ƙasa, baƙi a kan dutse da tsakuwa, shuɗi a kan ƙanƙara. Wato ko a cikin ƙasa ɗaya, a ma'auni ɗaya, ba su yarda da doka ɗaya ba.

Layin tsayi shi ne ya fi komai saurin lalacewa wajen nesantawa. Matakai biyu baya, layukan gangare sun manne sun zama tabo. Maganin shi ne a faɗaɗa tazarar, daga 10 zuwa 20 zuwa 100, sannan a kai inda za a janye su gaba ɗaya a bar inuwa da launin tsayi su ɗauki nauyin. Kyakkyawan tsari yakan kula layukan da suka tsira su kasance cikin waɗanda aka gani a matakin baya. Daga 20 zuwa 100 lafiya lau, domin kowane layin 100 yana nan tun da. Daga 20 zuwa 50 kuwa rabin layukan ba a gan su a matakin baya ba, sai dutsen ya yi kamar ya motsa.

Inuwar ma tana da nata sirrin. Eduard Imhof, malamin taswira a Zurich, wanda littafinsa na 1965 kan zanen tudu ya zama abin komawa, ya koyar da a haska ƙasa daga sama ta hagu, wato arewa maso yamma, ko da yake a Suwizalan rana ba ta tsayawa can da tsakar yini. Ido ne ya saba da haka. Idan aka haska daga kudu, kwari sai ya zama tudu a idon mutane da yawa. Imhof yakan kuma ɗan karkata hasken daga wuri zuwa wuri, ya danne ƙananan kwazazzabai domin babban tozo ya fito. Kwamfuta ba ta yin haka da kanta. Idan aka ba ta bayanai masu laushi a ƙaramin ma'auni, sai ta fito da tsauni kamar takardar da aka dunƙule aka warware. Saboda haka kowane rukunin matakai na son a niƙa masa nasa bayanan tsayin dabam. A 'yan shekarun nan Bernhard Jenny na Jami'ar Monash da abokan aikinsa sun horar da ƙirƙirarriyar basira da inuwar da masu zanen swisstopo suka yi da hannu, manhajar da ta fito kuma suka raɗa mata suna Eduard.

Kogin da ba ya gudu duk shekara

Mafi muhimmancin darasi ga wannan maƙala daga ruwa ya fito. Da Buttenfield da Brewer da Lawrence Stanislawski na USGS suka zo rairaye bayanan kogunan Amurka, sai suka tarar rariya ɗaya ba ta isa ba. Abin da ya gyara rafukan ƙasa mai damina mai yawa, shi ya ɓata na busasshiyar ƙasa. Suka kasa ƙasar gida-gida, mai laima ko busasshiya, shimfiɗaɗɗiya ko mai tuddai ko mai tsaunuka, kowanne da nasa jerin matakan. A inda rafuka suka yi cunkoso a rage da yawa, a inda suka yi ƙaranci a yi hattara, domin bambancin cunkoson shi kansa labari ne game da ƙasar.

A ɗauko wannan a auna shi da ƙasar Hausa. Doka ce mai kama da hankali a ce, idan an nesanta, a bar kogunan da ke gudu duk shekara kaɗai. A Jamhuriyar Nijar wannan doka za ta bar Kogin Kwara a kusurwar kudu maso yamma, ta share kusan duk saura. Gulbin Maraɗi, wanda ke tasowa daga wajen Katsina ya shiga Nijar ya sake dawowa ya haɗu da Rima, zai ɓace, alhali a kwarinsa ne garuruwa suka jeru, a fadamarsa ake noman rani. Da rani yashi ne, amma yashin da ya tsara inda mutane suka zauna. Irinsa ya cancanci ya tsira har zuwa matakan nesa, da layi mai tsinke-tsinke da ke cewa ruwan na damina ne. Haka rijiya. A taswirar Turai ba ta da wani matsayi, amma fallayen 1:200,000 da hukumar IGN ta Faransa ta zana wa yankin Sahel suna nuna rijiyoyi, domin a can ita ce tasha.

Tafkin Chadi kuma ya fi ƙarfin alama ɗaya. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 kusan kashi tara cikin goma na buɗaɗɗen ruwan ya janye, kuma har yanzu yana cika yana ja da baya tsakanin damina da rani. Taswirar da ta shafa masa shuɗi guda ta zaɓi wata shekara ce ba ta faɗa ba. Ana buƙatar aƙalla alama biyu, ta ruwan dindindin da ta fadamar da ruwa kan malale, kuma su tafi tare a dukkan matakai, kada tafkin ya zama babba daga nesa ya koma ƙarami da an matso.

Sunaye, da abin riƙewa

Masu taswira na da wani abin ban dariya da suke kira lamarin Baltimore. Birnin babba ne, amma saboda ya matsu tsakanin Washington da Philadelphia sau da yawa sunansa ba ya samun wuri, yayin da Alice Springs, ƙaramin gari a tsakiyar hamadar Ostireliya, ke fitowa fes. Haka Bilma ke bayyana a taswirar Afirka, Funtua kuwa shiru. Wannan ba kuskure ba ne. Ma'aunin yawan jama'a shi kaɗai zai cushe kewayen Kano da sunaye ya bar rabin Nijar fari fat. Matsayin gari sai an auna shi da maƙwabtansa.

Akwai kuma ɗan ƙaramin abu mai ɓata rai. Idan salon rubutun da aka zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, Maraɗi da Ƙanƙara za su fito ko da akwati a tsakiya ko da baƙin da bai yi kama da 'yan'uwansa ba. OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya fara a 2004, tana da gurbin ajiye sunan Hausa dabam da na hukuma, yadda Damagaram da Zinder za su zauna tare a bayanai, a nuna wa kowa wanda ya fi sani.

Guillaume Touya na IGN a Faransa ya jagoranci wani bincike mai suna LostInZoom kan dalilin da ya sa mutane ke ɓata yayin zuƙowa. Tunanin da ke ƙarƙashinsa shi ne ido na neman abin da zai riƙe, siffar da ta gane a matakin baya kuma ta sake gani a na gaba. A Kano badala da Dutsen Dala da Goron Dutse su ne irin wannan. Dala mita 534 ne daga gaɓar teku, amma gomman mitoci kawai ya ɗara filin da ke kewaye da shi, don haka da zarar tazarar layuka ta faɗaɗa kuma an niƙa bayanan tsayi, lissafi zai haɗiye shi. Mai tsari nagari zai riƙe shi da alamar ƙololuwa da suna, ko da layin tsayi ya sallama shi.

Cefane maimakon dafaffe

Tsofaffin tayil hotuna ne, dafaffen abinci, yadda aka zuba haka za a ci. Tun wajen 2014, da ƙa'idar tayil ta kamfanin Mapbox ta bazu, abin da ake aikowa waya cefane ne: layuka da ɗigo da sunaye, wayar ta dafa da kanta. Wannan ya sa zuƙowa ta zama sulɓi, kaurin hanya na ƙaruwa a hankali ba da tsalle ba, suna na tsayawa daidai ko an juya taswirar. Amma layukan tsayi kaya ne masu nauyi. Suna cin data, suna wahalar da ƙaramar waya, kuma siririn layi mai ruwan ƙasa da ya yi kyau a allon ofis yakan ɓace ƙarƙashin ranar Afrilu. Gwajin tsari a inuwar ɗaki kaɗai rabin gwaji ne.

Ƙarshen tsanin na ƙasa shi ma yana da iyaka, kuma nan ne yaudara ta fi sauƙi. Bayanan tsayi da aka fi dogaro da su a Afirka na dogon lokaci su ne na SRTM, waɗanda kumbon Endeavour ya auna da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000, kuma sai a 2014 aka saki masu tazarar mita 30 na nahiyar. An tsara aikin ne bisa kuskuren tsayi da bai wuce mita 16 ba, kuma radar kan ɗauki saman itatuwa da rufin gidaje a matsayin ƙasa. Manhaja ba za ta ƙi zana layuka masu tazarar mita 2 daga waɗannan bayanai ba. Za ta zana su tsaf, ta cika shimfiɗaɗɗen fili da ƙananan zobba na tuddan da babu su. Daga wani mataki zuwa ƙasa, gaskiya ita ce a daina ƙara layi.

Tsofaffin fallayen 1:50,000 na Najeriya, waɗanda aka zana da yawansu a shekarun 1960 daga hotunan jirgin sama, tsayinsu kuma a ƙafa, har yanzu taska ce ta sunayen ƙauyuka da rafuka da duwatsu. Sai dai an ɗaure su ne a kan ma'aunin tushe na Minna, yayin da GPS da taswirorin intanet ke kan WGS 84, kuma a arewacin ƙasar tazarar da ke tsakanin biyun ta kai wajen mita 80, galibi ta gabas da yamma. A mataki na 10 wannan rabin ɗigo ne, ba wanda zai lura. A mataki na 17, inda ɗigo ya ɗan haura mita ɗaya, ya zama ɗigo sama da 60, kusan rubu'in tayil. Idan ba a juya lissafin ba kafin a haɗa su, rijiyar da safiyo ya auna a wannan gefen hanya za ta bayyana a wancan gefen, cikin gonar wani.